Keken Ɗinki Ba Ya Raba Yaro da Daba

A bakin layinmu akwai wani mai walda. Dattijo ne yanzu, gemunsa ya yi fari, idanunsa kullum jajur saboda hasken wutar da ya shekara yana kallo. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, don haka yawancin aikin a waje ake yi, a gefen kwata. Shekara huɗu da suka wuce, wata safiya ina zaune a bencinsa ina jiran a liƙe mini ƙafar kujera, sai ga wata mata ta zo da ɗanta. Yaron babu wanda bai san shi ba a unguwa. Yana da tabon sara daga kunne har haɓa, ya sha kwana a ofishin 'yan sanda, kuma ko mu manya idan muka hango shi da daddare sai mu tura waya cikin aljihu. Uwar ta durƙusa ta gaishe da dattijon, sannan ta ce, "Malam, ga shi nan. Ubansa ya rasu, kawunnansa sun ce sun gaji. Don girman Allah ka riƙe mini shi."

Mai walda ya daɗe yana juya guntun rodi a hannunsa bai ce uffan ba. Can ya dubi yaron ya ce, "Kai, ƙarfe nawa kake tashi daga barci?" Yaron ya sunkuyar da kai. "To, gobe ƙarfe bakwai. Idan ka zo ka tarar na riga na buɗe, ka makara." Ya juya wajen uwar ya ce, "Tashi ki je gida, Hajiya. Allah ya shirya mana su baki ɗaya."

Tun daga wannan safiya nake bin lamarin da ido, kuma shi ya sa na tsaya a kan ra'ayin da zan faɗa. Yaron da ya yi nisa a daba ba ya fita sai ya samu ubangida: babban da zai riƙe shi, ya ba shi wurin zuwa kowace safiya, ya tsaya masa ranar da ya yi tuntuɓe. Kuɗin da gwamnatoci da ƙungiyoyi suke kashewa da sunan tallafa wa matasa da samar da zaman lafiya, mafi yawansu ta gefen irin wannan dattijo suke wucewa, ko ƙurarsu ba ya gani.

Mu da muke hange daga nesa mukan ce talauci ne ya jefa su. Talauci yana ciki, ba musu. Amma a gida ɗaya za ka ga wa yana yawo da wuƙa a ƙugu, ƙane yana dako a Kantin Kwari, tukunya ɗaya suka ci, yunwa ɗaya suka sha. Ruwa ba ya tsami banza. Daba tana ba yaro abin da bai samu a wani wuri ba. Idan ya iso majalisarsu ana tashi a yi masa kirari, alhali a gida sunansa "wannan ɗan banzan". Idan zazzaɓi ya kwantar da shi, su ne za su haɗa kuɗin magani. Idan 'yan wata unguwa suka tare shi a lungu, akwai masu rama masa kafin gari ya waye. Kuma wanda bai zauna da su ba ba zai gane cewa fita ta fi shiga haɗari ba. Abokan gaba ba su da labarin ka tuba, su dai sun san kai ka sari ɗan'uwansu bara. Abokanka kuwa sun fara yi maka kallon mai kai rahoto. Yaron da ya ajiye makami ba tare da wani ya tsaya a bayansa ba, tsirara ya fito tsakiyar kasuwa.

Abin ba yau ya fara ba. Tushensa yana cikin farauta da wasan tauri, waɗanda a da suke da shugabanni da ƙa'ida, sai siyasa ta shigo ta karkatar da su tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950, lokacin da kowane ɓangare ya tanadi 'yan bangarsa. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 kusan kowace jiha ta samu nata da sunansu: Kalare a Gombe, Sara-Suka a Bauchi, ECOMOG a Borno, Ƙauraye a Katsina, daga baya 'Yan Shila a Adamawa. Ko a Damagaram da ke Nijar akwai irinsu, musamman a unguwar Kara-Kara. A daidai wannan tsakanin ne kuma ƙofofin da suke haɗiye matasa suka yi ta rufewa. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, unguwar masana'antu ta Kakuri ta yi tsit. A Kano duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa a da, ya zaga su yau, ya san abin da aka rasa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a birni. Dalilin tsaro ne kuma na fahimce shi, amma samarin da babur ne abincinsu ba duka suka samu A Daidaita Sahu ba. Na san waɗanda daga ranar suka koma zaman majalisa, ba su sake tashi ba.

To me ake yi musu? Na taɓa halartar wani bikin raba kayan sana'a a wani fili. An kafa rumfuna, an jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da na aski, kowanne an ɗaura masa ƙyalle. An ce matasan sun samu horo na mako biyu. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, manyan baƙi suka shiga mota. Da na fito bakin ƙofa sai na tarar da dillalai sun riga sun yi layi, ana ciniki a fili, keke sabo dal a leda ana sallamar da shi ƙasa da rabin kuɗinsa. Na tsayar da wani saurayi da ya ɗora nasa a ka yana neman mai saye, na ce, "Ƙanena, me ya yi zafi haka? Yanzu fa aka ba ka."

Ya sauke keken ya dube ni. "Yaya, ina zan kai shi? Mu shida ne a ɗakinmu. Ko na samu wuri, mako biyu na yi, ko wuyan riga ban iya yankawa ba. Wa zai kawo mini ɗinki? Kai za ka ba ni shaddarka?"

Na yi shiru, domin gaskiya ba zan ba shi ba. Wannan tambaya tasa ta fi mini duk jawaban da na ji a ranar. Sana'a hannu ce da ta saba, sai wuri, sai kuma mutanen da suka yarda da kai har su miƙo maka kayansu. Keke shi ne abu na ƙarshe da tela yake bukata, kuma shi kaɗai ake rabawa, saboda shi ne yake fitowa a hoto, shi ne kuma ake iya rubuta wa rasit. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, tana nan tun shekarun 1980 tana wannan fafutuka. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya taimaki mutane da dama da naira 30,000 a wata, na san malaman da suka yi aure da kuɗin, amma babban ɓangarensa na masu digiri da NCE ne, kuma ta intanet aka riƙa nema. Yaron da ya bar makaranta a aji huɗu na firamare, ba shi da asusun banki, wayar hannunsa ma ta wani ce, ba da shi ake wannan maganar ba. Wanda ya fi kowa zama barazana ga unguwa shi ne wanda shirye-shiryen suka fi wahalar kaiwa gare shi.

Akwai wani gwaji da aka yi a Monrobiya, babban birnin Laberiya, wanda nake ganin ya kamata duk mai rabon kayan sana'a ya san da shi. Wata ƙungiya mai suna NEPI, wadda a cikin jagororinta akwai waɗanda da kansu suka yi yaƙin basasar ƙasar, ta haɗa kai da masu bincike aka nemo samari 999 daga cikin mafiya hatsari a birnin: masu sata, masu sayar da ƙwaya, masu kwana a titi, tsofaffin mayaƙa. Wasu aka ba su dala 200 a hannu. Wasu aka sa su a zaman gyaran tunani na mako takwas, inda ake koya musu yadda mutum zai danne fushi, ya yi aski ya sa tufa mai tsabta, ya shiga banki ko kanti kamar kowa, ya tsara abin da zai yi gobe. Wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu ba a ba su komai ba don a kwatanta. Waɗanda aka ba kuɗi zalla ba su ɓarnatar da su ba kamar yadda aka yi zato, da yawa ƙaramar sana'a suka kama. Amma kafin shekara ta zagayo jarin ya narke, wasu ma sace musu kayan aka yi, suka koma gidan jiya. Waɗanda aka haɗa wa zaman da kuɗin su ne suka ɗore. Da aka koma aka neme su bayan shekara goma, sata da sayar da ƙwaya a cikinsu sun ragu da kusan rabi idan aka gwada da waɗanda ba a yi wa komai ba.

Da na karanta wannan sai na tuna mai waldarmu, wanda bai taɓa jin sunan Laberiya a wannan fuska ba. Watanni uku na farko bai bar yaron ya taɓa injin walda ba. Shara yake yi, da ɗauko ƙarfe, da goge tsatsa da samfefa, da sayo abinci. Ran nan na ji yana ce masa, "Wannan gashin naka ba zai shiga gidan mutane da ni ba. Ga kuɗi, je ka wajen mai aski." Idan za a kai ƙofa gidan wani, da shi ake tafiya, a ce masa ya yi sallama, ya gaida masu gida, ya jira a ba shi izini. Ranar da wani mai kaya ya zage shi a kan awon taga da bai yi daidai ba, na ga hannunsa ya tafi ƙugu, inda wuƙa take zama a da. Dattijon ko ɗaga murya bai yi ba, ya ce, "Zo ka riƙe mini nan." Ya ba shi ƙarshen rodi ya riƙe har mutumin ya gama faɗansa ya tafi. Da azahar kowa a shagon yana samun kwanon shinkafa da wake, da yamma kuma a ba shi ɗan abin da zai sa a aljihu. Abin da masana suka tsara a mako takwas, shi a hankali yake yinsa shekara da shekaru, da kuɗin aljihunsa.

Irin wannan dattijo ba shi kaɗai ba ne. Suna nan a garejojin Ƙofar Ruwa, a wajen masu takalmi da jaka na Ƙofar Wambai, a rumfunan gyaran waya na Farm Centre, a marinar Ƙofar Mata, a wajen kafintoci da masu faci da magina. Wannan ce makarantar koyon sana'a mafi girma da muke da ita, ba ta da allo a ƙofa, ba ta cikin kasafin kuɗi. Da ni ke da iko da kuɗin tallafin matasa, nan zan kai su. A biya wa yaron abincin rana da kuɗin mota na tsawon shekara biyu ko uku, domin yunwar azahar ce take fara mayar da mai koyo majalisa. A taimaki shagon da abin da zai ƙara masa aiki, injin da ya fi na da, ko sola, tunda wuta sai ta ga dama. Sannan gwamnati, wadda kowace shekara take sayen kujerun makaranta da ƙofofin asibiti da kayan 'yan makaranta, ta ware wani kaso ta ce daga shagunan da suka ɗauki irin waɗannan yara za a saya. Aiki ne yake riƙe yaro a shago, shagon da ba aiki majalisa ce kawai mai rufi. Keken ɗinki ko injin walda kuwa a ajiye shi sai ranar yaye, a miƙa shi a gaban maigidan da mai unguwa da liman da uwar yaron. A ranar ba za ka ga dillali a bakin ƙofa ba.

Na san ba kowane maigida ne na kirki ba. Akwai masu dukan yara da bel ɗin inji, akwai masu riƙe yaro shekara bakwai yana musu bauta ba maganar yaye. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, a sa ƙungiyoyin masu sana'a a ciki, su da suka san halin junansu, a kuma samu wanda zai riƙa leƙowa yana tambayar yaron shi kaɗai. Akwai kuma maganar ƙwaya, wadda ta fi ƙarfin maigida. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi ta'ammali da su a shekara guda. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin, amma tiramol da wiwi da sholisho suna nan. Yaron da jikinsa ya saba, idan ya daina yakan yi kwanaki yana rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wannan aikin likita ne. Wurare irin cibiyar gyaran hali ta Ƙiru da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ya kamata a ce maigida yana da lambar da zai kira a karɓi yaronsa, a dawo masa da shi idan ya samu sauƙi.

Yanzu bari in zo ga maganar da ta fi damuna, domin an sha jefo mini ita kuma tana da nauyi. Wata maƙwabciyarmu da aka soki ɗanta a kan waya, Allah ya yi da sauran kwanansa amma hannunsa na hagu ya shanye, ta ce da ni, "Malam, wato wanda ya riƙe wuƙa shi za a koya wa sana'a a ba shi abinci, nawa da ya kame kansa ya zauna da hannu ɗaya?" Ba ni da amsar da za ta sanyaya mata rai. Kuma tarihi yana bayanta. Afuwar da marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta kwantar da tarzoma, amma alawus ɗin naira 65,000 a wata ya koya wa na baya cewa bindiga ce hanyar shiga lissafin gwamnati. A Zamfara a 2020 har shanu biyu aka yi alkawarin bayarwa a kan kowace AK-47, daji bai lafa ba. A Kano a 2023 da rundunar 'yan sanda ta karɓi tubabbun 'yan daba, ta sanya wa wasu daga cikinsu kaki a matsayin 'yan sandan sa-kai, gari ya ɗauki surutu, domin mutane suna ganin fuskar da suka sani a lungu. Niyyar kiran su su ajiye makami mai kyau ce, amma an yi gaggawar kaki.

Abin da nake gani shi ne, ƙofar shagon a buɗe ta ga kowa, wanda ya taɓa riƙe makami da ƙanensa da bai taɓa ba, har ma a fara da na biyun. Kada tuba ta zama tikitin shiga. Wanda ya kashe rai kuwa, ko ya nakasa wani, wurinsa kotu, babu walda da za ta wanke jini. Addininmu ma bai san tuba ba tare da mayar da haƙƙi ba. Mai ƙaramin laifi ya je gidan wanda ya cuta, da maigidansa da mai unguwa, ya durƙusa ya nemi gafara, a yanka masa abin da zai riƙa biya daga ɗan abin da yake samu. Kuma duk asusun da zai ciyar da mai koyo, a cikinsa a ware na maganin ɗan maƙwabciyata da jarinsa. Inda aka tsallake wannan mataki ana ganin sakamakon. Sansanin Malam Sidi a Gombe, inda shirin Operation Safe Corridor da aka kafa a 2016 yake gyara tsofaffin 'yan Boko Haram, da cibiyar Gudumariya a jihar Diffa ta Nijar, dukansu suna koyar da sana'a. Inda gizo yake saƙa shi ne ranar komawa gida, lokacin da mutumin da aka ƙone wa gida, yana zaune a sansanin gudun hijira, ya ga wanda ya ƙone shi ya dawo da kayan aiki. Kafinta ba ya cin abinci a garin da ba mai yi masa sallama.

Sulhu tsakanin unguwanni ma haka yake. Taron otal da ake gayyatar shugabannin matasa masu babbar riga ba ya isa lungun da ake sara. Masu faɗa a ji a wurin yaran su ne tsofaffin hannu, waɗanda suka yi suka bari, tabonsu yana jikinsu. Kaduna ta ga misalin haka. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kowannensu jagoran matasa ne a ɓangarensa lokacin rikicin 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu, suka shiga har rikicin Yelwa da Shendam a Filato. Ana sauraronsu ne saboda babu wanda zai ce musu ba su san zafin abin ba. A kowace unguwa ta Kano akwai irin waɗannan, yanzu direbobi ne ko mahauta ko 'yan sintiri. Su ne za su iya zaunar da ɓangarori biyu kafin hawan Sallah ko lokacin tashe, su ce bana ba a fita da makami. Kuma na lura da wani abu a shagunan kasuwa: yaran unguwanni biyu masu gaba idan suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya a ƙarƙashin maigida ɗaya, da wuya ɗaya ya ɗaga wa ɗaya adda.

Duk wannan gini akwai masu rushe shi ta baya, kuma dole a faɗa. Na farko ɗan siyasar da yake raba keken ɗinki da rana, idan zaɓe ya matso ya aika da mota cike da gora da kuɗin ƙwaya da daddare. Tun 2007 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta yadda 'yan siyasa suka rena Kalare a Gombe, suka watsar da su bayan zaɓe, suka koma kan talakawa. Har yau yaron ake kamawa, mai aiken yana gida. Muddin ba a taɓa ganin babban mutum a gaban alƙali saboda ya ba yara makami ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Na biyu kamen kan mai uwa da wabi. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta yi hira da ɗaruruwan waɗanda suka shiga ƙungiyoyin ta'addanci a Afirka, a rahotonta na 2017 kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya tunzura su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. A rahoton 2023 kuma kashi ɗaya bisa huɗu na waɗanda suka shiga da ƙafarsu neman aikin yi suka ambata a matsayin babban dalili. Rashin abin yi yana kai yaro bakin rami, zalunci ne yake hankaɗa shi. Duk wanda ya ga hoton yaran da aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024, bayan wata uku a tsare kan zanga-zangar watan Agusta, wasunsu suna faɗuwa don galabaita, ya tambayi kansa da wace zuciya suka koma gida.

Yaron mai walda ma bai tsira daga wannan ba. A shekararsa ta biyu aka yi faɗa a bayan layinmu, da daddare aka zo aka kwashe duk saurayin da aka gani, har da shi, yana dawowa daga kai aiki. Tabon fuskarsa ya isa shaida. Da asuba dattijon ya rufe shago, ya ɗauki littafin da yake rubuta aiki a ciki, ya biya ya ɗauki mai unguwa da mutumin da aka kai wa ƙofar, suka tafi. Sai bayan la'asar suka dawo da shi. Da babu mai zuwa, da an tura shi gidan yari jiran shari'a, ya yi wata shida a ɗaki ɗaya da waɗanda suka fi shi ƙwarewa, ya fito ya fi da. Ba zan ɓoye ba, shi ma ya taɓa zamewa da kansa. Bayan wata Sallah ya ɓace kwana tara, ya dawo idanu sun kaɗa, murya ta shaƙe. Na ɗauka kora ce. Dattijon ya dube shi ya ce, "Ka gama? To ga tagogin Alhaji can suna jiranka." Sai da dare, bayan an rufe, na hango su su biyu a benci, ɗaya yana magana, ɗaya yana share hawaye da gefen riga.

Yanzu shi ne babban yaron shago. Shi yake awo, shi yake karɓar kuɗi idan maigida ya tafi masallaci. Bara ya yi wa uwarsa ƙofar ƙarfe ya cire labulen buhun da yake bakin gidansu. Ana maganar yaye shi, abin da ya tsayar kuɗin inji ne da hayar wuri.

A watan jiya wata uwar ta zo, ita ma da sassafe, da nata ɗan, bai fi shekara goma sha shida ba. Ta durƙusa a daidai inda waccan ta durƙusa. Dattijon ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Hajiya, wallahi ba ƙi na yi ba. Yara tara gare ni. Tun da aka cire tallafin mai, rabin abin da muka samu janareta ke shanyewa, ƙarfe ya yi tsada, aiki ya ja baya. Jiya da ƙyar na haɗa musu na abincin rana. In na karɓe shi na bar shi da yunwa, na cuce shi." Ya yi mata kwatancen wani abokinsa bakanike, ya ce ta ce shi ya turo ta. Ta yi godiya ta tashi, yaron yana biye da ita a baya. Can ma an ce mata wuri ya cika. Yanzu kullum da yamma ina ganinsa a kan kwalbatin ƙarshen layi, tare da waɗancan.